Abin da Burodi Bai Tare Ba

Smaranda ta yanka burodin da kauri, ta ƙwaƙule tsakiyarsa mai laushi, ta danna shi cikin mazurari da babban yatsa har ya zauna daram. Sannan ta ɗauko kwalbar ta fara tsiyayawa a hankali. Ruwan ya sauka shuɗi shar, burodin ya shanye launin, a ƙasa kuma ga shi yana ɗiga cikin kofin gilashi, garau kamar ruwan rijiya.

"Kar ki yi gaggawa," in ji babanta, Gavril, daga kan benci. Ya zuba wa kofin ido, hannuwansa na rawa a kan gwiwoyinsa. "Addu'ar Ubangiji sau uku, haka kakarki take yi. Sai kin kai ƙarshen ta ukun kafin ɗigon ƙarshe ya faɗi."

"Na sani, Baba."

"Kin sani, amma bakinki ba ya motsi."

Ta fara motsa leɓɓanta don ya ƙyale ta.

A ƙauyenmu babu wanda zai ga wannan aikin ya tsaya kallo. Sifirit ne mai launin shuɗi, irin wanda ake goge fata da shi kafin a yi allura, kuma tun da aka rufe gonar gwamnati mazan da suka rage a gari suka gano ya fi barasar kanti araha nesa ba kusa ba. Kowa ya san an zuba masa wani abu don kada a sha. Kowa kuma ya san maganin abin: a tace shi ta cikin burodi. Smaranda tana da shekara goma kakarta ta kama hannunta ta koya mata, a shekarar da mahaifiyarta ta tafi Italiya jinyar wata tsohuwa. "Tunda ba za ki iya hana shi ba, to ki tace masa," in ji kakar. "Burodi abin Allah ne, shi ake ɗagawa a coci. Ba ya barin dafi ya wuce." Kakar ta mutu, uwar ba ta dawo ba sai murya a waya duk Lahadi, mazurarin kuwa ya zama gadon Smaranda. Yanzu shekarunta sha shida, kuma ko a cikin barci ta iya.

Kwalbar yau ba ta da takarda a jiki. Mai farar motar nan ne ya kawo, wanda yake tsayawa bayan kasuwa ranar Alhamis ya buɗe bayan mota. Tun watan Janairu ba a ƙara ganinsa ba sai yau.

Janairu. Smaranda ta kauce da idonta daga ƙarshen bencin, inda babu kowa. A nan kawunta Toader, ƙanen babanta, yake zama da hularsa ta fatar tunkiya. A nan ya kwanta ranar da abin ya same shi, da rana tsaka, hasken dusar ƙanƙara ya cika ɗakin har yana kashe ido, shi kuwa yana ta ihu: "Ku kunna fitila! Wane ɗan iska ne ya kashe fitila?" Kafin motar asibiti ta ratso ƙanƙarar ya riga ya cika. Aka ce zuciya ce. Dangi suka ce ba wanda zai yanka musu gawa don a bincika, abin kunya ne, aka binne shi a haka. Tun daga ranar, duk lokacin da Smaranda ta shigo ɗakin daga hasken waje, kafin idonta ya saba, sai ta ga kamar hular nan tana nan a ƙarshen benci. Wani lokaci har hannunta yakan kai kan makunnin fitila ba ta sani ba.

Ta tura wa babanta kofin. Ya ɗaga shi ga taga, ya duba tsabtarsa da jin daɗi.

"Hannunki da albarka, 'yar Baba. Ko likita albarka."

Ta ɗauke mazurarin. Ta jefa wa kaji burodin da ya yi shuɗi, suka ƙi shi kamar kullum, ta koma ta jiƙa wake kala uku a kwano, don Malama Aglaia ta ce kowa ya zo da shi gobe.

* * *

Makarantar sakandaren tana cikin gari, tafiyar rabin sa'a a bas. Ɗakin kimiyyar sinadarai sunansa kawai ya rage: famfunan sun bushe, kwalaban sun yi ƙura, akwatin ƙwallayen roba da ake haɗa siffofi da su kuwa tun kafin a haifi waɗannan ɗalibai aka gama sace shi ɗaya bayan ɗaya. Amma Malama Aglaia ba mai zama ta yi tagumi ba ce. Gajeruwa ce mai furfura, muryarta ta fi jikinta, kuma ta yanke hukunci cewa wake da tsinken sakace za su yi aikin.

"Baƙi shi ne kabon, hannunsa huɗu," ta ce tana zagaya tebura. "Fari haidurojin, hannu ɗaya tal. Ja oksijin, hannu biyu. Wanda ya ba kabon hannu biyar zan ba shi sifili mai hannu biyu. Mirela, fito da waken nan daga bakinki, ɗanye ne."

"Malama, ban karya ba."

"To ci haidurojin, shi ne ya yi mana yawa."

Aji ya kwashe da dariya. Smaranda ma ta murmusa, duk da hankalinta rabi yana gida. Da safe ta bar babanta yana amai a bayan ɗaki, yana cewa kansa kamar ana sara da gatari. Wannan ba sabon abu ba ne ranar Juma'a. Ta dafa masa shayin ganye, ta ajiye masa sauran tuwon masara da cuku, ta ruga don kada bas ta bar ta.

Kowane tebur da sinadarin da aka ba shi ya haɗa, ya kuma binciko labarinsa. Ita da Mirela etanol suka samu. Baƙin wake biyu a jere, ja ɗaya a gaba, farare shida. Da suka gama soka tsinke, abin ya tsaya a kan tebur da ƙafafu huɗu, ga jan kai, ga ɗan hanci fari, ga wutsiya a sama.

"La ila, kwikwiyo ne!" Mirela ta ce da ƙarfi. "Malama, zo ki ga karen da ya cinye ubanninmu!"

Dariyar wannan karon gajeruwa ce, don a ajin nan kusan kowa yana da wanda karen ya ciza.

Malama Aglaia ta ɗauki kwikwiyon ta ɗaga shi sama. "Wannan shi ne abin da ke cikin giya da rakiyu, barasar da kakanninku suke dafawa da tuffa. Mugu ne, amma a hankali yake kisa, yakan ba mutum shekara talatin. Yanzu ku duba nan." Ta zare baƙin wake ɗaya daga baya tare da farare biyu, ta mayar da wutsiyar. Abin ya koma ɗan dunƙule mai kai da ƙafa biyu. "Metanol. Ƙamshinsu ɗaya, ɗanɗanonsu ɗaya, maye ɗaya. Ko ni ba zan bambanta su a kofi ba. Shi ne wanda marasa imani suke ɗurawa a kwalban sifirit na jabu, don kusan kyauta suke samunsa. Ba kowace kwalba ba, amma wadda aka zuba wa ba ta da alama. Cokali biyu sun isa su ɗauke wa mutum ido. Rabin kofi kuma sai a kira limamin coci."

"Ai sai a tace da burodi," wani ya ce daga baya.

Ba da wasa ya faɗa ba. Kawuna da yawa suka gyaɗa.

Malama Aglaia ta tsaya cak. Ta cire tabarau, ta dube su ɗaya bayan ɗaya, fuskarta ta yi ja.

"Shekara ashirin da takwas ina koyarwa a nan, har yanzu burodin nan bai mutu ba? To ku buɗe kunnuwanku." Ta kwashi wake da hannu biyu, ta watsa a kan teburinta, tuli guda. "Launin shuɗin nan, da za mu haɗa shi, sai ya cinye duk wannan. Ƙato ne, ga shi da manne wa abu. Shi burodi yake kamawa. Wannan kuwa," ta ɗaga ɗan dunƙulen, "da ƙyar ya fi ruwa girma. In ruwa ya wuce, shi ma ya wuce, ko gaisawa da burodin ba ya yi. An sa shuɗin ne don mutum ya gani ya ji tsoro. Mai tacewa ba dafi yake cirewa ba. Tsoron kawai yake cirewa, ya miƙa wa mutum dafin a wanke."

Smaranda ta ji ɗakin ya yi nisa. Tsinken da ke hannunta ya shige yatsarta, jini ya fito, ba ta ji ba. Abin da take gani shi ne kofi biyu a kan tebur a watan Janairu, da hannunta yana tura ɗaya wajen mai hular fata. Babanta ranar nan ya dawo daga zaman makoki a ƙoshe da giya, kurɓa ɗaya ya yi. Kawu Toader ne ya shanye sauran, yana sa mata albarka.

Ita ce. Da hannunta, da addu'arta sau uku.

"Malama," ta ji muryarta ta fito kamar ta wata. "Yaushe yake nunawa?"

"Abin da ya sa ya fi mugunta ke nan. Ranar farko lafiya lau. Sai ya kwana, hanta ta fara juya shi ya koma guba. Ciwon kai, amai, mutum ya zaci jiya ce take ramawa. Daga nan sai ido." Malama ta matso, ta rage murya. "Smaranda, me ya faru? Wa ya sha?"

Ido talatin suka juyo kanta. Kunya, wallahi, mugun abu ce. Yarinyar da ta shekara shida tana share amai kafin maƙwabta su farka, tana ce wa uwarta a waya "lafiya lau muke", bakinta bai iya buɗewa a gaban aji ba.

"Ba kowa," ta ce. "Cikina ne ke ciwo."

Ta fita ba jaka, ba riga mai kauri. Tana jin Malama tana kiran sunanta a baranda, ba ta waiwaya ba.

* * *

Bas ba ta komawa sai ƙarfe uku. Ta kira wayar babanta sau bakwai a bakin titi, tana ta ƙara ba a ɗauka. Motar tara madara ce ta tsaya mata, direban ya sauke ta a mararraba, sauran hanyar ta ƙarasa da gudu ta cikin gonakin masara da ba su wuce idon sawu ba. Watan Mayu ne, rana ta fito tar, tsuntsaye suna ta kuka daga kurmi, duniya ba ruwanta.

Ta tura ƙyauren gida, sai ga shi zaune a tsakar gida a kan kututture, yana shan hantsi, hularsa a gwiwa. Da rai. A zaune. Ta dafa shinge, tana dariya tana kuka.

"Baba! Me ya sa ba ka ɗaukar waya?"

"Smaranda? Har an tashi?" Ya juyo, yana numfashi da sauri kamar wanda ya hau tudu. "Na neme ta ban gani ba. Ke, kin taɓa ganin irin wannan shekara? Dusar ƙanƙara a watan Mayu! Tun ɗazu take zuba. Tuffar bana kam ta tafi."

Smaranda ta ɗaga kai. Sama wasai, ko ɗigon gajimare babu.

Ta durƙusa a gabansa. Baƙin idonsa ya buɗe ya yi faɗi, rana na dukan fuskarsa amma ko ƙiftawa ba ya yi. Ta kaɗa hannu a gabansa. Ya bi wani abu da kallo can gefe.

Ta danna lambar agaji. Ta faɗi komai, wannan karon ba ta ɓoye ko kalma ɗaya ba: kwalbar, burodin, jiya da la'asar, kusan kofi biyu. Aka haɗa ta da wata likita mai murya a gajiye.

"Mota ɗaya ce a yankinku, kuma tana can wani ƙauye. Sa'a ɗaya da rabi, in an yi sa'a. Saurara da kyau, yarinya. Akwai rakiyu na gaske kusa da ke? Ba na kwalba ba, wanda kin san hannun da ya dafa shi."

"Rakiyu? Likita, shan ne fa ya..."

"Na sani. Amma yanzu shi ne maganinsa. In hanta ta samu barasa ta gaskiya, ita take bi, ta bar dafin a ajiye har mu iso mu wanke jinin. In yana iya haɗiya, ki ba shi rabin kofi yanzun nan. Duk mintin da ya wuce, idonsa ne yake tafiya, bayan ido kuma rai. Kin ji ni?"

Ta tsallake shinge zuwa gidan maƙwabciyarsu, Iya Profira. Tsohuwar tana tsinke ciyawa a cikin albasa, ta miƙe da ƙyar tana dafe da ƙugu.

"Iya, rakiyun marigayi mijinki, wanda kike ajiya don ranar tunawa da shi. Ki ba ni, don girman Allah."

"Au! Yau kuma ke ya aiko? Bai ji kunya ba, ƙaton banza? Shuɗin ya ƙare ne, ya koma lasar na matattu?"

"Iya, ba ya gani! Irin na Kawu Toader ne!"

Tsohuwar ta yar da ciyawar da ke hannunta. Ta yi alamar gicciye a ƙirji, ta shige ɗaki, ta fito da tulun gilashi a rungume. Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba ta biyo bayan Smaranda.

Ba su same shi a kan kututturen ba. Ya ji duk abin da aka faɗa a waya har zuwa sunan ciwon, sauran kuwa tsoro bai bar shi ya ji ba. Ya rarrafa ya shiga ɗaki, yana lalube, ya kai kusurwar da hoton Maryamu yake rataye. A nan suka tarar da shi a gwiwa, ya ciro ƙaramin gicciyen da ke wuyansa ya manna a baki, hawaye na bin gemunsa.

"Na gane," yake cewa. "Toader ne ya zo tafiya da ni. Na gane, Uwar Almasihu. Na rantse, na rantse da kabarin uwata, da ran 'yata, ɗigo ɗaya ba zai ƙara shiga bakina ba har in mutu. Ki bar mini idona kawai. Na rantse."

Smaranda ta tsiyaya rakiyun a kofi, rabinsa na zuba a ƙasa. Ta durƙusa kusa da shi.

"Baba, karɓi. Likita ce ta ce ka sha."

Ƙamshin ya kai hancinsa. Ya ja baya kamar an kai masa wuta.

"Mene ne wannan? Ke, gwada ni kike yi?"

"Magani ne, wallahi magani ne. Shi zai tare dafin."

"Jiya ma haka kuka ce, burodi ya tare." Yana ta haki. Sai ya tambaya a hankali, ba da faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo: "Ko dai ba ki cika addu'ar sau uku ba?"

"Na cika, Baba. Ba addu'ar ba ce. Burodin ba ya tare komai, bai taɓa tarewa ba. Zan yi maka bayani, akwai wani wake... Don Allah ka sha tukuna!"

"Gavril, kai wawa ne?" Iya Profira ta daka masa tsawa. "Shekara ashirin kana sha ba a roƙe ka ba, yau da ake roƙonka kake mana tsarki? Buɗe bakin nan kafin in buɗe shi da cokali!"

"A gaban Uwar Almasihu na rantse, Iya. Da ran yarinyar nan na rantse. So kike in karya, ta faɗa kanta?" Ya girgiza kai. "Shaiɗan ya iya shiga bakin kowa. Ba zan sha ba."

Smaranda ta riƙe ƙeyarsa da hannu ɗaya, ta kai kofin bakinsa da ɗayan. Sau nawa ta tsiyayar da kwalabe a bayan ɗaki, sau nawa ta durƙusa a ɗakin nan tana kuka tana neman wannan rantsuwar, yana yi mata dariya yana cewa gobe? Ga ta yau ta samu, cikakkiya, ba a rage komai ba.

"Sha, Baba. Ni ce, Smaranda. Ni nake roƙonka. Kurɓa ɗaya. Na yafe rantsuwar, ni ce aka rantse da raina, na yafe."

Ya datse haƙoransa. Gilashin ya yi ƙara a jikinsu. Rakiyun ya bi gefen bakinsa, ya gangara cikin gemu, ya jiƙa wuyan rigarsa. Iya Profira ta koma bakin ƙofa, kunnenta a hanya, amma babu abin da ke tahowa sai kukan kaji.

Da kofin ya ƙare, Gavril ya saki numfashi, ya goge bakinsa da hannun riga sosai don kada ko laima ta rage. Fuskarsa ta saki. Ya yi murmushi irin wanda ta manta yana da shi, ya miƙa hannu zai shafa kanta, hannun ya wuce ta gefe ya sauka a kan bango.

"Kin gani ko, 'yar Baba? Na iya," ya ce wa bangon. "Kira mamarki. Ki gaya mata na daina."